Hukumar wuta ta dawo gida Filato: tamu ce ko ta kamfani?

Sani Katako: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayenmu da yayyenmu. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Kun san injin niƙa nake da shi a Katako, nan Jos. Taransifomar layinmu ta ƙone, muka yi sati uku a duhu, daga ƙarshe mu masu injuna da masu yankan katako muka yi karo-karo aka gyara. Ƙarshen wata sai ga bil ya zo cif, kamar ba a taɓa ɗauke wuta ba, tunda ba mu da mita. Da na yi ƙorafi wani ya ce mini in kwantar da hankalina, ai yanzu jiharmu ta samu hukumarta ta kula da harkar wuta, kukanmu zai isa kunne da wuri. To ni tambayata ita ce: hukumar da ke Abuja ma da ƙyar take lanƙwasa kamfanonin nan, ta yaya ƙaramar hukuma ta jiha za ta iya? Ba za su sa ta a aljihu ba? Masu sani ku fitar da mu duhu.

Hajiya Larai: Wa'alaikumus salam. Sani, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu a Gangare sau biyu muna haɗa kuɗin waya da na fal. Da kuɗinmu aka saya, amma ranar da aka zo yanka ba wanda ya tuna.

Injiniya Auwal: Wa'alaikumus salam. Malam Sani, bari in fara da yadda aka zo nan, don kowa ya san a kan me ake magana. A 2005 aka yi dokar da ta wargaza NEPA, aka kafa NERC, hukumar kula da harkar wuta ta ƙasa, ta zama alƙalin wasa, ita ke ba da lasisi, ita ke yanka farashi, ita ke hukunta kamfanin da ya saɓa. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, guda 11 ne a faɗin ƙasa, gwamnati ta riƙe kashi 40 a cikinsu. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar shiga harkar wuta, a Yuni na shekarar Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar lantarki. Daga nan jihar da ta yi dokarta ta kafa hukumarta, sai NERC ta miƙa mata ragama. Inugu na cikin na farko a 2024, Filato ta samu nata a 2025. Ni ina ganin ci gaba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sani Katako: Na gode Injiniya. Amma ba ka amsa ni ba. Kusantowa ai ba mu kaɗai ta kusanto ba, ta kusanci kamfani ma.

Barista Rahila: Malam Sani yana da gaskiya, kuma ba tsoron banza yake ji ba. Bari in ba ku labarin da ya faru a Amurka, inda jihohi ne ke kula da kamfanonin wutarsu tun da daɗewa, irin tsarin da muke shiga yanzu. A jihar Ohayo akwai kamfani mai suna FirstEnergy. Kamfanin ya zuba kusan dala miliyan 60 ta wata ƙungiya da ke ƙarƙashin Larry Householder, ya yi amfani da kuɗin ya kafa 'yan takararsa, ya zama kakakin majalisar jihar. Da ya hau, a 2019 aka zartar da dokar da ta ɗora wa masu biyan kuɗin wuta nauyin sama da dala biliyan 1 don ceto tashoshin nukiliya guda biyu. A Yuli 2020 aka kama shi, a 2023 kotu ta ɗaure shi shekara 20.

Amma abin da ya shafi maganarmu kai tsaye shi ne wannan. Kamfanin da kansa ya amsa cewa ya biya dala miliyan 4.3 ga wani lauya, Sam Randazzo, gab da gwamna ya naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da kamfanonin wuta na jihar. Wato mutumin da zai yanka wa kamfanin farashi ya riga ya karɓi kuɗinsu kafin ya zauna a kujera. Ya ajiye muƙamin a 2020 bayan jami'an tsaro sun bincike gidansa, kuma ya rasu a 2024 ba a kai ga yanke masa hukunci ba. Kamfanin ya biya tarar dala miliyan 230 a 2021. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Idan a ƙasar da ke da kotuna masu haƙori haka ta faru, ban ga dalilin da za mu ce mu mun fi ƙarfin jarrabawar ba.

Abba Rikkos: Anti Rahila, wallahi ban taɓa jin wannan ba. Na ɗauka irin wannan sai mu.

Barista Rahila: Ba mu kaɗai ba ne ƙanena. A jihar Ilinoi ma kamfanin ComEd ya biya tarar dala miliyan 200 a 2020, bayan ya amsa cewa ya riƙa ba mutanen kakakin majalisa Michael Madigan ayyuka da kwangiloli don ya samu dokokin da yake so. Ka lura, ba buhun kuɗi aka kai masa ba, yaransa aka ɗauka aiki. Wannan salon shi ya fi ba ni tsoro, don a wajenmu ba ma kiransa cin hanci, cewa muke an yi wa Oga alfarma.

Baba Ɗanladi Bukuru: Salama jama'a. Ni na yi aikin wuta shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma ina so yaran nan su ji wani abu. Mu a Filato wuta ba baƙuwarmu ba ce. Tun 1929 kamfanin NESCO ke samar da wuta daga ruwan Kurra saboda haƙar kuza, lokacin da manyan garuruwa da yawa ke kunna aci-bal-bal. Kamfani ne na 'yan kasuwa, ba na gwamnati ba. Don haka ni ban yarda cewa ɗan kasuwa a harkar wuta shi ne matsala ba. Matsalar ita ce wa ya saya, kuma ta wace hanya. Ku tuna a Agusta 2012 ministan lantarki Barth Nnaji ya ajiye aiki saboda an ga kamfanin da ke da alaƙa da shi a cikin masu neman sayen kamfanonin wuta. Kamfanin da ya sayi na Ibadan da na Yola, Janar Abdulsalami ne shugabansa a lokacin. Ban ce kowa ya yi laifi ba, doka ba ta hana tsohon shugaba kasuwanci ba. Amma ku sa kanku a matsayin ƙaramin jami'in da aka tura ya ci tarar irin waɗannan mutane. Ko ba a ba shi sisi ba, gwiwarsa za ta yi sanyi. Ba kullum kuɗi ke rufe baki ba, wani lokaci kwarjini ne, wani lokaci tunanin inda zai samu aiki idan wa'adinsa ya ƙare.

Injiniya Auwal: Baba, ranka ya daɗe, na yarda da rabin maganarka. Amma a yi wa NERC adalci. A Fabrairu 2024 ta zare naira biliyan 10.5 daga kuɗin shigar kamfanonin saboda sun wuce iyakar da aka sa musu a bil ɗin marasa mita. A Afrilu 2024 ta ci kamfanin rarraba wuta na AEDC na nan Abuja tarar naira miliyan 200 saboda ya caji mutanen da ba 'yan Band A ba, wato rukunin da ya fi samun wuta, da sabon farashi. Hukumar da aka saye ba ta yin haka.

Hajiya Larai: Injiniya, miliyan 200 a wajen kamfanin da ke karɓar kuɗin Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa, ai kuɗin cefane ne. Kuma wannan Afrilun dai ita ce aka wayi gari an ɗaga farashin Band A daga naira sittin da wani abu zuwa 225. Rana ɗaya. Wa aka kira aka tambaya? Ɗiyata tana da shagon ɗinki, ita da yaranta huɗu, ba ta san an sa layinsu a wani rukuni ba sai da ta sayi kati ta ga yunit ɗin da aka ba ta.

Injiniya Auwal: Hajiya, an sauko da shi zuwa 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma 209.5. Kuma sharaɗin Band A shi ne wuta awa 20 a rana. Idan ba a cika ba, ƙa'ida ta ce a sauke layin zuwa rukunin ƙasa.

Hajiya Larai: Wa ke ƙirga awannin? Ni ko su?

Barista Rahila: Hajiya ta kama jijiyar maganar. Wannan ita ce hanyar da kamfani ke mallake hukuma ba tare da ya ba kowa toshiyar baki ba. Farashin wuta ana lissafa shi ne daga alƙaluma: nawa kamfani ya kashe, kadarorinsa nawa ne, wuta nawa ta zube a hanya, mutum nawa suka ƙi biya, awa nawa kowane layi ya samu. Duk waɗannan littattafai a hannun kamfani suke. Idan hukuma ba ta da injiniyoyinta da akantocinta da na'urorinta da za ta tantance, abin da aka miƙo mata shi za ta sa wa hannu. Kamfani zai shigo zama da lauyoyi da ƙwararrun da ya ɗauko haya, hukuma na da mutum uku da kwamfuta ɗaya, mu masu biya ba ko mutum ɗaya a ɗakin. Ko waliyyai aka naɗa, sakamakon zai karkata. Shi ya sa ƙaramar hukumar jiha ta fi ba ni tausayi fiye da tsoro. Sannan wani ɓangare na kuɗin gudanar da irin waɗannan hukumomi daga kuɗin lasisi da cajin da ake karɓa a hannun kamfanonin yake fitowa. A duniya haka ake yi a wurare da yawa, amma sai an ɗaure shi da doka sosai, in ba haka ba wanda ake sa wa ido shi ke ciyar da mai sa idon.

Malam Isiyaku: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba za a so ji ba. Ni na yi aikin raba bil da karɓar kuɗi na ɗan lokaci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gida nawa ne a unguwanninmu aka zagaye mita? Mai walda nawa ne ke maƙala waya da daddare? A je yanka a taru a kan ma'aikaci da duwatsu. Wutar da aka sace ba ta ɓacewa a lissafi, kan mai gaskiya ake raba ta. Kuma kamfanonin da kuke cewa sun fi ƙarfin kowa, da yawansu bashi ya ci su. A Disamba 2021 bankin UBA ya karɓe ragamar na Abuja, a Yuli 2022 bankin Fidelity ya shiga na Kano da Benin da Kaduna. Wanda banki ya ƙwace wa kamfani, shi ne zai sayi hukuma?

Sani Katako: Malam Isiyaku, ban musa satar wuta ba, ina ganinta da idona, kuma haram ce. Amma ni ba na sata. Na nemi mita na gaji. Wanda ba ya son a yi masa sata ai shi ya kamata ya fi kowa saurin sa mita. Me ya sa ba a so a auna?

Baba Ɗanladi Bukuru: Isiyaku, ɗana, wanda bashi ya shaƙe shi ya fi kowa buƙatar alƙali mai sassauci. Mai ƙoshi yana iya jure hukunci, mai yunwa shi ke bin dare yana ƙwanƙwasa ƙofa. Karyewarsu ba ta wanke su ba, ƙara musu dalili ta yi.

Injiniya Auwal: To ni bari in juya maganar, don ina ganin kun sa ido a ƙofa ɗaya alhali ɓarawo na iya shigowa ta taga. A tarihinmu, wanda ya fi murɗe hannun hukuma ba kamfani ba ne, gwamnati ce. A Maris 2015, ana saura kwanaki zaɓe, aka sanar da rage farashin wuta da kusan rabi. A Satumba 2020 aka kawo tsarin rukuni-rukuni, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki, aka dakatar na ɗan lokaci. Kwamishinonin NERC shugaban ƙasa ke naɗa su, majalisar dattawa ta tantance. Gwamnati ce mai kashi 40, ita ce mai naɗi, kuma ita ce babbar mai cin bashi: a Fabrairu 2024 AEDC ta buga sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da take bi sama da naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa. To ku sauko da wannan hoton jiha. Gwamna zai naɗa, majalisar jiha za ta amince, kuma mun san yadda majalisun jihohinmu suke da gwamnoni. Sakatariya da asibitoci da hukumar ruwa duk suna shan wuta. Ranar da kamfani ya ce a biya shi, gwamna ya ce a rage farashi saboda zaɓe, ina hukuma za ta sa kanta?

Abba Rikkos: Yaya Auwal, ɗazu kai ke cewa ci gaba ne.

Injiniya Auwal: Har yanzu ina kan bakana. Ci gaba ne mai haɗari. Dubi Inugu: a Yuli 2025 hukumarsu ta rage farashin Band A daga naira 209 zuwa 160. Kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa suka yi ca, suka ce lissafin ya dogara ne da tallafin gwamnatin tarayya wanda ba a biyansu. Kana iya cewa hukumar ta yi jarumta, wani ya ce siyasa ce. Amma a karon farko an ga hukumar jiha ta buɗe littafin kamfani ta ce ga abin da na gani. Wannan bai taɓa faruwa ba lokacin da komai ke Abuja.

Hajiya Larai: Idan gwamna ne zai murɗe su a rage mana, ni ban ga aibu ba.

Barista Rahila: Hajiya, ki yi haƙuri, a nan na saɓa miki. Hukumar da ke jin maganar gwamna yau don a rage, ita ce za ta ji maganarsa gobe don a ƙara, ranar da ya shirya da masu kamfani, ko ranar da wani nasa ya samu lasisi. Kuma sabuwar dokar ta buɗe ƙofar ba da lasisi a cikin jiha, ga sola, ga ƙananan tashoshin ruwa, mu kuma Allah ya ba mu ruwa mai gangarowa daga duwatsu. Can ne kuɗi zai kwanta, can ne za a ga 'yan siyasa sun zama 'yan kasuwar wuta dare ɗaya. Ni abin da nake so in gani abubuwa ne da ido ke iya gani. Duk wanda aka naɗa ya bayyana ko yana da hannun jari ko kwangila da wani kamfanin wuta. Idan ya sauka, a hana shi karɓar aiki a wajensu na wasu shekaru. Kada a taɓa farashi sai an yi zaman jin ra'ayi a fili, an sanar da Hausa a rediyo, ba a wani otal da Turanci ƙarfe goma na safe ranar aiki ba. Kuma awannin wutar kowane layi a liƙa su inda kowa zai gani ya ƙaryata in ƙarya ne.

Malam Isiyaku: Barista, ko an kira zaman, mutanenmu ba za su je ba. Ranar za ki ga kujeru wayam.

Sani Katako: Ni zan je. In rufe inji rabin yini ya fi mini sauƙi da bil ɗin sati uku na duhu.

Baba Ɗanladi Bukuru: Sani, in za ka je kada ka je hannu rabbana. Ihu ba ya cin shari'a a gaban masu takarda. Ka samu littafi, kullum ka rubuta ƙarfe nawa aka kawo, ƙarfe nawa aka ɗauke. Ka sa maƙwabta biyu ko uku su yi haka, kowa da nasa. Rasit ɗin gyaran taransifomar nan ku adana shi, da sunayen waɗanda suka ba da kuɗi, domin a ƙa'ida gyaran taransifoma da fal da waya nauyin kamfani ne, ba na mai shan wuta ba. Ƙorafi kuma a rubuce ake kai shi ofishin kamfani tukuna, a buga maka hatimi a kwafinka. Sai sun gaza sannan ka wuce gaba. Da yawa a nan ake kayar da mu, mutum ya yi ta faɗa da baki shekara guda, a tambaye shi takarda babu.

Sani Katako: Baba, rasit ɗin yana hannun shugaban 'yan katako, na san bai yar ba. Amma littafin ban taɓa tunaninsa ba.

Abba Rikkos: Ni zan iya buɗe muku jadawali a waya, kowa ya turo awanninsa da yamma ina shigarwa. Rikkos da Gangare da Katako da Anguwar Rogo, in aka samu mutum biyu-biyu ya isa a fara. Wanda ba ya iya rubutu ya turo da murya.

Hajiya Larai: Ka sa ni a Gangare, Abba. Zan yi wa matan layinmu magana ranar Juma'a a gidan suna.

Injiniya Auwal: Abba, ka ƙara gurbin lambar taransifoma ko sunan layin, yana jikin bil. In babu shi za a ce ba a san wurin da ake magana ba. Zan shigo Jos ƙarshen wata, zan duba muku lissafin.

Malam Isiyaku: To ku sa unguwar Nasarawa ma. Amma da sharaɗi, wanda ya san ya zagaye mita kada ya shiga, don ranar da aka je gaban hukuma da shi za a fara kayar da ku.

Barista Rahila: Na amince da sharaɗin Malam Isiyaku. Ni kuma zan nemo dokar lantarki ta jihar in karanta sashen naɗin kwamishinoni da na inda kuɗin hukumar ke fitowa, in kawo muku shi nan da Hausa. Malam Sani, ka ɗauki hoton bil ɗinka na wata uku da suka wuce ka turo mini ta gefe, in ga ko sun haura iyakar da aka sa wa marasa mita a layinku.

Sani Katako: In sha Allahu da na koma gida bayan isha'i zan turo. Guda ɗaya ya jiƙe da ruwan sama amma lambobin suna fita.